Amsa Tana Fitowa Gobe

Duk wanda ya riski zamanin jaridar takarda ya san ɗan akwatin nan da ake ajiyewa can shafukan baya, kusa da labarin ƙwallo. Murabba'i ne da aka tsattsaga gida-gida, wasu gidajen farare wasu baƙaƙe, da 'yan lambobi a kusurwoyi, sannan ga tambayoyi a jere a ƙasa: kashi ɗaya na kalmomin da za a rubuta a kwance, ɗaya kashin na waɗanda za a rubuta a tsaye. Turawa suna ce masa crossword, mu kuwa muka haɗa shi da sauran 'yan'uwansa muka ce wasa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idarsa ba wuya. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ci, kuma duk inda kalmar kwance ta gitta ta tsaye, dole harafinsu ya zo ɗaya. A ƙarƙashin akwatin akan sa wani ɗan gajeren layi mai cewa amsa tana fitowa gobe. Abubuwa da yawa sun sauya a wasan nan tun da na fara yinsa, galibinsu kuma alheri ne, amma babu wanda na ji a jikina kamar ɓacewar wannan layi.

Wasan ba tsoho ba ne can-can. Ranar Lahadi 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta Amurka ta buga na farko a shafinta na nishaɗi. Wanda ya shirya shi ɗan jarida ne mai suna Arthur Wynne, haifaffen Libaful a Ingila, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka. Nasa ba shi da baƙaƙen gidaje, murabba'i ne da aka tsayar bisa kusurwarsa aka bar tsakiyarsa fayau. A 1924 wasu samari biyu, Richard Simon da Max Schuster, da suka buɗe kamfanin ɗab'i ba su da abin bugawa, suka tattara irin waɗannan wasanni a littafi ɗaya, suka maƙala wa kowane kwafi fensir. Littafin ya yi kasuwa har kamfanin ya tsaya da ƙafarsa, kuma yana nan har yau cikin manyan kamfanonin ɗab'i na duniya.

Jaridar New York Times, wadda a yau ba a raba sunanta da na wasan, ita ce ta fi kowa raina shi a lokacin. A wannan shekara ta 1924 ta yi sharhi ta kira shi ɓata lokaci marar amfani, ta kuma ƙi ba shi wuri har shekara 18. Yaƙi ne ya sauya mata ra'ayi. Bayan Japan ta kai wa Amurka hari a Disamba 1941, editocinta suka ga mutane suna bukatar abin da zai ɗauke musu hankali daga fargaba, sai suka fara bugawa ranar 15 ga Fabrairu 1942. Suka damƙa shafin a hannun Margaret Farrar, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya littafin nan na 1924, ta riƙe shi har 1969. A hannunta ne ƙa'idojin tsarin Amurka suka zauna: in ka juya akwatin sama ta koma ƙasa, baƙaƙen gidaje su faɗa daidai inda suke, kada kalma ta gaza harafi uku, kowane harafi ya kasance yana cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye. Ta kuma guji kalmomin cuta da ƙazanta, don a ganinta mutumin da ke karin kumallo da jarida a hannu bai kamata a ɓata masa rai ba. Har yanzu akwatin ranakun aiki gida 15 ne a kwance 15 a tsaye, na Lahadi 21, kuma na Litinin ya fi sauƙi, yana ƙara tauri har Asabar.

Da wasan ya ƙetara teku ya isa Ingila sai ya sake kama. Daily Telegraph ta fara a 1925, The Times a 1930, amma mutumin da ya karkatar da akalarsa shi ne Edward Powys Mathers, wanda ya fara shirya wa jaridar Observer a 1926. Bai sa sunansa ba, ya ari sunan Torquemada, wani shugaban kotun addini na Sifen da ya yi suna wajen azabtar da mutane, wato tun daga suna ya gaya maka abin da zai yi maka. A tsarin Amurka tambaya tambaya ce: in ka san abin ka sani, in ba ka sani ba sai haruffan da suka gitta su taimake ka. A tsarin Ingila kuwa tambayar kanta tarko ce. Tana faɗin gaskiya sau biyu, sau ɗaya ta hanyar ma'ana, sau ɗaya ta hanyar wasa da haruffa, amma an jera maganar yadda za ta kai hankalinka wani waje dabam.

Ba a gane wannan sai an gani, don haka bari in ɗana uku da Hausa. A ce maka: babban birni ya ɓuya a kan ofis, harafi huɗu. Hankalinka zai tafi ga bene da rufi. Amma dubi haruffan "kan ofis", ka ɗauki huɗun farko: Kano. Ko a ce: rago ya hargitse ya zama abin zuba ruwa. Kalmar "hargitse" ita ce umarnin, ka birkita haruffan rago su ba ka gora. Ko kuma a ce: itacen miya, kuma abin da jariri ya iya tun ranar farko. Ma'ana biyu, rubutu ɗaya: kuka. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin ukun nan, kuma wannan shi ne mutuncin sana'ar. Wanda ya gaji Mathers a Observer, malamin makaranta Derrick Macnutt mai laƙabin Ximenes, shi ya tsaya kai da fata a kan cewa mai shiryawa yana da 'yancin ruɗa ka amma ba shi da 'yancin zaluntarka: duk kalmar da ke cikin tambaya dole ta kasance tana da aiki, kuma in ka ga amsa dole ka yarda cewa an ba ka duk abin da kake bukata tun farko. Ni a wurina wannan yarjejeniya tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba ita ce ran wasan gaba ɗaya.

Har gwamnatin Birtaniya ta san irin kan da wasan ke sarrafawa. A farkon 1942 Daily Telegraph ta shirya gasar gama akwati cikin minti 12, daga baya aka bi wasu daga cikin waɗanda suka shiga da wasiƙa a asirce, aka ɗauke su aiki a Bletchley Park, inda ake kwance saƙonnin sirrin sojojin Jamus. A 1944 kuma, ana saura 'yan makonni a sauke sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni, sai ga sunayen sirri na shirin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a akwatin wannan jarida: Utah, Omaha, Overlord, Mulberry, Neptune. Jami'an tsaro suka je suka titsiye mai shiryawa, Leonard Dawe, wanda shugaban wata makarantar sakandare ne, suka ga ba ɗan leƙen asiri ba ne. Shekaru da yawa bayan haka wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin yakan ba yara su cike masa gidaje da kalmomi shi kuma ya rubuta tambayoyi, yaran kuwa sun tsinci sunayen a bakin sojojin da aka jibge kusa da makarantar.

Mu nan ta jaridun Turanci wasan ya iso mana, kamar yadda ya iso wa ɗan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Faransanci, na Sudan kuma da Larabci. A makarantar da na fara koyarwa kwafi ɗaya tak na jarida ke zuwa ofishin malamai, shi ma sai bayan azahar, wani lokaci sai washegari. Akwai wani dattijon malamin lissafi da ya kafa doka cewa ba wanda zai sa alƙalami a jikin jaridar. Sai ya ɗauko rula da jan biro ya zana akwatin a takardar littafin lissafi mai gida-gida, ya shafe baƙaƙen gidajen ɗaya bayan ɗaya a tsanake, kowa ya kwafa daga nasa, a bar jaridar a tsakiyar tebur don karanta tambayoyi. Shi da biro yake cikewa, ba ya taɓa fensir. Na taɓa ce masa, "Baba Malam, in aka yi kuskure fa?" Ya ce, "Malam ƙarami, ai shi ya sa ba a rubutawa sai an tabbata." In kalma ta gagari kowa sai a aiki ɗalibi ɗakin karatu ya ɗauko babban ƙamus ko littafin taswira, don rabin tambayoyin ba na duniyarmu ba ne: ƙoramun Ingila, sunayen furannin da ba mu taɓa gani ba, kalmomin wasan kurket. Mun koyi Turanci da yawa a teburin nan, amma mun kuma san cewa ba da mu aka yi lissafi ba lokacin da ake shirya akwatin.

Sau da yawa akan tashi da gida huɗu ko biyar a buɗe. To nan ne abin da nake magana a kai yake. Ka ninke takardar ka sa a aljihu, ka tafi da tambayar a ranka. Ba tunaninta kake yi ba, kana harkokinka ne. Kana alwalar la'asar, ko kana kan keke a hanyar gida, ko ka farka da asuba, sai kalmar ta faɗo maka cikakkiya, har ka yi mamakin yadda ta ɓuya maka ɗazu. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san wannan. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da aiki a bayan fage in an ba ta lokaci, kuma jarida, saboda ba ta da yadda za ta yi, takan ba ta yini guda cur. In kuma har gobe ta yi ba ka samu ba, ka buɗe shafin ka ga amsa, wannan kalmar ba za ka sake manta ta ba, don ka kwana da ita. A kacici-kacicinmu na dandali ma haka abin yake: wanda ya kasa ba a ba shi amsa a banza, sai ya ce ya ba da gari, mai tambaya ya ga dama ya karɓa ko ya ce garin ya yi masa kaɗan. Rashin sani yana da farashi, kuma sai ka amsa shi da bakinka.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. A 1993 Will Shortz ya karɓi shafin New York Times. Mutum ne da ya yi digirinsa a 1974 a Jami'ar Indiyana kan ilimin wasa ƙwaƙwalwa, fannin da shi ya tsara wa kansa, kuma shi ya kafa gasar Amurka ta shekara-shekara a garin Stamford a 1978. Ya buɗe ƙofa ga maganar titi, da sunayen mawaƙa da finafinai, ya rage tsofaffin kalmomin nan da ba mai amfani da su sai masu cike akwati. Ya kuma yi wani abu ƙarami mai nauyi: ya sa ana rubuta sunan mai shiryawa a ƙarƙashin wasan kowace rana. A zamaninsa ne aka buga wanda har yau ake ba da labarinsa, ranar zaɓen shugaban ƙasa, 5 ga Nuwamba 1996. Tambayar tsakiya tana neman babban labarin jaridar gobe, alhali ba a gama kaɗa ƙuri'a ba. Mai shiryawa, Jeremiah Farrell, ya tsara gidaje bakwai yadda ko ka rubuta Clinton ko ka rubuta Bob Dole, duk kalmomi bakwai ɗin da suka gitta za su dace da tambayoyinsu.

Daga nan kwamfuta ta shigo, ta fara da ɓangaren masu shiryawa. Abin da a da mutum zai yi kwanaki yana gogewa yana sakewa, yanzu manhaja ce ke jero masa kalmomin da za su shiga gurbi, shi ya zaɓa. Sudoku ma, ɗan'uwansa na lambobi, ta wannan ƙofa ya mamaye duniya. A Amurka aka fara buga shi a 1979, Japan ta raine shi ta raɗa masa suna, sannan wani tsohon alƙali ɗan Niyuzilan, Wayne Gould, ya rubuta manhajar da ke ƙirƙiro shi, ya kai wa The Times ta Landan ta fara bugawa a Nuwamba 2004. Bai cika shekara ba ya shiga jaridun ƙasashe da dama, don shi ba ya bukatar fassara. Sai kuma waya ta zo ta kwashe komai ta zuba a tafin hannu.

Abin da aka samu ba kaɗan ba ne, kuma ba na cikin masu raina shi. Wasan da aka sani na kaɗaici ya zama na jama'a. A 2017 wasu 'yan Ingila biyu, Simon Anthony da Mark Goodliffe, suka buɗe tasha a YouTube mai suna Cracking the Cryptic, ba abin da suke yi sai warware wasa a gaban kyamara suna faɗin tunaninsu a fili. A lokacin kullen korona na 2020 miliyoyin mutane suka zauna suna kallon Anthony yana warware wani sudoku da aka ba shi lamba biyu kacal a cikin gida 81. Sirrin tsarin Ingila, wanda a da sai kana da babba a kusa zai koya maka, yanzu yaro a Zariya yana iya koyonsa cikin 'yan makonni. Wordle ya ƙara faɗaɗa da'irar. Josh Wardle, injiniyan manhaja ɗan yankin Wales mazaunin Niyok, ya yi shi ne don abokiyar zamansa, ya sake shi ga jama'a a Oktoba 2021. Farkon Nuwamba mutum 90 ke yinsa, farkon Janairu 2022 sun kai 300,000, ƙarshen watan New York Times ta saye shi. Kalma ce mai harafi biyar, gwaji shida, sannan ka tura wa abokanka 'yan murabba'ai kore da rawaya da ke nuna yadda ka sha fama ba tare da sun tona amsar ba. Abin lura shi ne ƙarfinsa ya fito ne daga tsohuwar ɗabi'ar jarida: kalma ɗaya a rana, iri ɗaya ga kowa, in ka gama sai gobe.

Masu warwarewa kuma sun san masu shirya musu, har shaƙuwa ta shiga. John Graham, limamin coci ne da ya shafe fiye da shekara 50 yana shirya wa Guardian da laƙabin Araucaria. A Janairu 2013 masu karatun jaridar suka cike akwatinsa, sai amsoshin suka haɗu suka gaya musu cewa yana fama da ciwon dajin bututun abinci. Ta hanyar da ya saba magana da su ya zaɓi ya sanar da su. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka yi ta aiko da saƙon jaje da godiya har ya rasu a Nuwamba na shekarar yana da shekara 92.

Babbar ribar a ganina ita ce yanzu ana iya tambayar mai shiryawa hujja. Kowane akwati hukunci ne a kan abin da ake ɗauka kowa ya sani. Shekara da shekaru wannan "kowa" yana nufin Bature namiji mai matsakaicin shekaru wanda ya yi wata irin makaranta, sauran mutane kuwa su yi ta bin ƙamus kamar yadda muka yi. Da masu wasan suka samu hanyar jin muryar juna, sai magana ta fito. Ranar 1 ga Janairu 2019 New York Times ta sa wata kalma wadda a wasan ƙwallon sanda take da ma'ana, amma a titi zagi ce ga mutanen Meziko. Kafin rana ta faɗi ƙorafi ya yi yawa har Shortz ya fito ya ba da haƙuri. A 2020 ɗaruruwan masu shiryawa da masu warwarewa suka sa hannu a wasiƙa suna neman jaridar ta ƙara mata da waɗanda ba farar fata ba cikin masu tace wasan. Erik Agard, matashin da ya ci gasar Amurka a 2018, da ya zama editan wasan a USA Today a ƙarshen 2019, ya cika shafin da ayyukan mata, ya shigo da sunayen abinci da mutane da garuruwan da a da ake cewa baƙi ne. Wanda ya taɓa zama a tebur irin namu yana neman sunan wata ƙoramar Ingila ya san darajar wannan.

Amma manhajar da ta kawo duk wannan ta zo da maɓalli biyu: ɗaya ya duba maka ko harafinka daidai ne, ɗaya ya buɗe maka amsar nan take. Ba wanda ya tilasta maka taɓa su, gaskiya ne. Sai dai wanda ya san amsa tana ƙarƙashin ɗan yatsansa ba ya kwana da tambaya. Minti biyu na cijewa ya ishe shi, ya danna, ya wuce, gobe kuma kalmar ta fita daga kansa kamar ba ta taɓa shiga ba. Ga agogo a saman allo yana ƙirga daƙiƙoƙi, ga lissafin kwanakin da ka jera ba fashi, wanda in ka tsallake rana ɗaya zai rushe ya koma sifili. Na ga mutane masu hankali suna satar amsa daga intanet don kada jerin kwanakinsu ya yanke. A nan an juya abin: ba wasan ake so ba kuma, lambar ake tsaro. Ba kuma haɗari ba ne aka yi. Kamfani ya gano cewa wasa yana riƙe mai biyan kuɗi fiye da yadda labari ke riƙe shi. Kafin ƙarshen 2021 masu biyan kuɗin sashen wasanni na New York Times kaɗai sun kai miliyan ɗaya. Wanda ke sayar da irin wannan haja so yake ka dawo kullum, kuma ka gama cikin sauƙi ka ji daɗi. Ba ya cin ribar ka tafi da gida biyar a buɗe.

Mutane sukan tambaye ni ko ban damu ba da yake na'ura ta fi mu iyawa yanzu. A gasar Amurka ta 2021 wata manhaja mai suna Dr. Fill, wadda Matt Ginsberg ya ƙirƙira aka haɗa ta da aikin masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fi kowane ɗan'adam maki. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Ba don a samu cikakken akwati ake wasan ba. In don wannan ne, ai mai shiryawa yana da cikakke a aljihunsa tun kafin a buga. Ana yi ne don abin da ke faruwa a kan mutum tsakanin rashin sani da sani. Na'urar da ta ci gasa ba ta rage mini komai ba. Maɓallin da ke gajarta wannan tsakani shi ne ya rage.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai, shi kuwa namu ne. Ba baƙi ba ne mu a harkar gidaje da haruffa. Malaminmu na Katsina, Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimin lissafi, wato murabba'in da jimillar kowane layinsa take zuwa ɗaya ta kowace fuska, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A Scrabble, wasan jera haruffa wanda Alfred Butts ya ciro daga jikin wannan wasa na jarida a shekarun 1930, ɗan Nijeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai nan. Kai muna da shi. Amma har yau in Bahaushe yana son ya cike akwati mai kyau kowace safiya, da harshen wani zai cike.

Akwai dalili na sana'a a ciki, kuma ya kamata a faɗe shi don kada wanda ya gwada ya karaya. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa; irin su malam, mutum, biyar, takwas da Alhamis ba su da yawa. A tsarin Amurka kuwa kowane harafi na layin ƙasa ƙarshen wata kalma ce ta tsaye, don haka layin zai tashi wasula zalla, kuma babu kalmar Hausa mai wannan siffa. Wanda ya kwaikwayi akwatin New York Times kai tsaye zai sha wuya a banza. Amma Italiyanci ma da wasali yake ƙare kalmominsa, ga shi mujallarsu ta wasa ƙwaƙwalwa, La Settimana Enigmistica, tana fitowa tun 1932. Sun sassauta dokar jera baƙaƙen gidaje ne suka bi abin da harshensu ke so. Tsarin Ingila, inda kusan rabin haruffa ne kawai ke gittawa, ya fi dacewa da mu. Japanawa gaɓa guda suke sawa a kowane gida maimakon harafi, kuma Hausa da gaɓoɓinta gajeru za ta karɓi wannan hannu biyu. Mutanen Wales suna ba tagwayen haruffansu gida ɗaya, mu ma haka za mu yi wa sh da ts. Ga kuma wata fa'ida da babu malamin Hausa da zai ƙi ta: a akwati ba ka isa ka rubuta kasa a inda ake son ƙasa ba, don kalmar da ta gitta za ta tona ka. A wannan zamani da rubutun waya ke cinye lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, da wuya a samu darasin da ya fi wannan shiga kai.

Kayan aiki kuwa suna nan jibge. Ƙamusun Bargery na 1934, na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 cike suke da kalmomin noma da saƙa da ƙira da jima da sarauta waɗanda yaranmu ba su taɓa ji ba, ga karin magana, ga sunayen garuruwa daga Agadas har Kumasi. Manhajojin shirya akwati suna karɓar duk jerin kalmomin da aka zuba musu. Editocin jaridu da mujallun Hausa, da malaman sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, da matasanmu masu rubuta manhaja, wannan aiki naku ne, kuma bai fi ƙarfin mutum uku masu niyya ba. Ku fara da ƙaramin akwati, gida 9 a kwance 9 a tsaye, sau ɗaya a mako, tambayoyin su fito daga kasuwarmu da gonarmu da tarihinmu. Wanda ya shirya kuma ya sa sunansa a ƙasa, don mu san wanda za mu rubuta wa in ya ruɗa mu da gaskiya, da wanda za mu kama in ya zalunce mu.